Ko hasken leza zai iya auna zurfin madatsar Challawa?

Na'urorin awo da hasken leza sun sauƙaƙa aikin safiyo a duniya, amma suna rikicewa idan suka gamu da abu mai sheƙi kamar madubi, ko gogaggen ƙarfe, ko kuma kwantaccen ruwa.

Wannan batu ya shafi al'ummar Ƙaraye da maƙwabtansu na Rogo a yammacin jihar Kano, yankin da madatsar ruwa ta Challawa take.

An kammala madatsar ce a shekarar 1992, a ƙaramar hukumar Ƙaraye, kuma an tsara ta ne domin ta riƙe ruwa kimanin kyubik mita miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita.

Sai dai kowace damina ruwa na kwaso yashi da laka daga gonaki yana jibge su a cikinta, abin da ke rage yawan ruwan da za ta iya ɗauka. Sanin irin cikowar da ta yi kuwa sai an auna ƙasanta.

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar na harba ɗigon haske dubu ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda, sannan ta ƙirga lokacin da kowanne ya ɗauka kafin ya dawo.

Da yake haske na gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, daga wannan lokaci ake gane nisan abin da ya bugo. Kwamfuta ce ke haɗa miliyoyin ɗigon ta fitar da siffar wurin.

Ke nan dogaron na'urar kacokan yana kan hasken da ya komo gare ta. Bangon ƙasa ko dutse na warwatsa haske ta kowace fuska, don haka wani kaso yakan dawo.

Abu mai sheƙi kuwa yakan karkatar da hasken gaba ɗaya zuwa fuska guda. Idan ba wajen na'urar ya nufa ba, sai a samu giɓi a taswira. Idan kuma ya dawo mata kai-tsaye, ƙarfinsa kan kashe mata ido. A wani lokacin ma yakan bugi wani abu dabam kafin ya dawo, sai taswira ta nuna abin a inda babu shi.

Dabarun da ake bi

A masana'antu, injiniyoyi kan fesa wa ƙarfe mai ƙyalli wata farar hoda domin dusashe sheƙinsa kafin awo. Wasu hodar ma kan ɓace da kansu bayan 'yan sa'o'i.

Haka kuma akan rage ƙarfin hasken, ko a sauya kusurwar na'urar a maimaita awon daga wurare da dama, ko a yi amfani da shuɗin leza.

Amma ba a fesa wa tafki hoda. Bugu da ƙari, yawancin na'urorin da ake ɗora wa jiragen sama domin zana taswirar ƙasa suna amfani da hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 1064, wanda ruwa ke shanye shi.

Saboda haka ne masu auna zurfi suka koma ga koren leza mai nanomita 532, wanda ke ratsa ruwa. Wani kaso na dawowa daga saman ruwan, wani daga ƙasansa, kuma ratar da ke tsakani ita ce zurfin. Dole ne a gyara lissafin, domin a cikin ruwa gudun haske na raguwa zuwa kimanin kilomita 225,000 a daƙiƙa.

Irin wannan koren haske tauraron ɗan'adam na ICESat-2 ke amfani da shi. Hukumar NASA ta Amurka ce ta harba shi a watan Satumban 2018 domin auna ƙanƙara, amma masu bincike na amfani da bayanansa wajen bin hawa da saukar ruwa a tafkuna.

Inda gizo ke saƙa

A garai-garan ruwan teku koren leza kan kai zurfin mita 40 ko fiye. A gurɓataccen ruwa kuwa, irin wanda ke cika madatsun arewacin Najeriya da damina, laka kan tare hasken tun bai yi nisa ba.

Don haka hanyar da ta fi dacewa da Challawa ita ce haɗa dabaru biyu. A ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya ja baya, leza na iya auna gaɓar da ta fito fili da jikin madatsar kanta. Wurare masu zurfi kuma sai a bi su da kwalekwale ɗauke da na'urar amsa-kuwwa, wadda ke aiki da sauti, laka ba ta hana shi wucewa.

Amfanin awon bai tsaya ga masunta da manoman rani na Ƙaraye da Rogo ba. Kogin Challawa na daga cikin masu shayar da birnin Kano, kuma shi ne ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Madatsar da ta ciko da yashi takan tumbatsa da wuri idan damina ta yi ƙarfi, ta kuma gaza da rani.

Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta ƙara jawo hankali kan buƙatar sanin haƙiƙanin halin da madatsun ƙasar ke ciki.