Cikakken tallafin karatu a ƙasashen waje ga ma'aikatan raya ƙasa: matsayin harshe wajen tafiya da wajen komowa

1. Gabatarwa

Kowace shekara sanarwoyi suna iso ma jami'o'inmu da ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyi masu zaman kansu game da tallafin ƙarin karatu a ƙasashen waje, wanda ɗalibanmu suka fi sani da sunan burs. Wanda ya fi jan hankali shi ne wanda ake ce ma cikakke, wato wanda ake ɗauke ma mutum kuɗin makaranta da na jirgi da na ci da kwana. An tanade shi ne domin ma'aikatan raya ƙasa: injiniyan noma, likitan dabbobi, jami'in kiwon lafiya, ma'aikacin ruwa da gandun daji, mai tsara kasafin kuɗi, da makamantansu.

A cikin wannan maƙala za mu bayyana asalin irin wannan tallafi da sharuɗɗansa, sa'an nan mu tsaya a kan abin da ya shafi fanninmu, wato harshe. Ra'ayinmu shi ne, ma'aikacin Nijar yana da ƙofa biyu ta harshe a gabansa: Ingilishi wajen tafiya, harsunan ƙasa wajen komowa. Galibi tallafin, duk cikarsa, ba ya buɗa masa ko ɗaya daga cikinsu.

2. Asalin tallafin da manufarsa

Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960 ba ta da jami'a. Mai neman ilimi mai zurfi sai ya tafi Dakar ko Abijan ko Faransa. Cibiyar karatu mai zurfi ta Yamai ta buɗe a 1971, ta zama jami'a a 1973. A wancan zamani yawancin tallafi na matasa ne sabbin cin bak, waɗanda ke yin shekaru da yawa a waje. Tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 ya rage ƙarfin gwamnati, kuma da aka rage darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, kuɗin riƙon ɗalibi a Turai ya ninka biyu a dare ɗaya.

A wajen wannan lokaci ne wani salo ya yaɗu tsakanin masu ba da agaji: maimakon a ɗauki yaro na shekara biyar, a ɗauki ma'aikacin da ya riga ya san aiki, a ƙara masa ilimi na shekara ɗaya ko biyu, ya komo kujerarsa. Ga manyan misalai:

a) Shirin haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya, wanda aka kafa a 1987. Gwamnatin Japan ke zuba kuɗi, Banki ke gudanarwa. Sama da mutum dubu 6 sun ci gajiyarsa. Yana neman wanda ya yi aikin raya ƙasa na shekara 3 aƙalla bayan lisans.

b) Shirin EPOS na hukumar DAAD ta Jamus, shi ma tun 1987. Yana neman aikin shekara 2, kuma bisa al'ada kada takardar shaidar mutum ta wuce shekara 6 da samu.

c) Shirin Chevening na Birtaniya, tun 1983: mastar ta shekara guda, da sharaɗin aikin shekara 2 kafin tafiya da komowa gida na shekara 2 bayan gamawa.

d) Shirin hukumar ARES ta jami'o'in Beljiyam masu aiki da Faransanci: karatun ƙwarewa na shekara guda, da sharaɗin aikin shekara 2.

Akwai kuma tallafin ƙungiyar Commonwealth, wanda ya faro tun 1959, amma Nijar ba ta cikin ƙungiyar. Ke nan ma'aikacin noma na Katsina yana iya nemansa, takwaransa na Maraɗi ba ya iyawa, ko da yake harshensu ɗaya, ƙasar nomansu iri ɗaya.

3. Abin da ake biya da abin da ba a biya

Ya kamata a fahimci cewa wannan tallafi ba kyauta ba ne, yarjejeniya ce tsakanin ɓangare uku. Mai ba da kuɗi yana son ilimin ya amfani ƙasar mai nema. Jami'a tana son ɗalibin da zai iya bin darasi ya gama a kan lokaci. Ma'aikatar mai nema kuwa ita ke ba da izinin tafiya da takardar shaidar aiki, kuma ita ya kamata ta karɓe shi in ya komo. Saboda haka zaɓe yakan zama hawa biyu: na jami'a da na mai ba da kuɗi. A shirin Japan da Bankin Duniya, alal misali, sai mutum ya sami gurbi a ɗaya daga cikin mastocin da shirin ya amince da su kafin a duba takardunsa.

Abin da ake biya sananne ne: kuɗin rajista, alawus na wata-wata, tikitin jirgi zuwa da komowa, da inshorar lafiya. Amma biya yana farawa ne daga ranar da aka zaɓi mutum. Duk abin da ya gabaci wannan rana yakan faɗa a kan aljihun mai nema: fasfo, buga hatimi a kan takardun shaida, fassara su a wurin mai fassara da hukuma ta rantsar, kuɗin jarrabawar harshe, wani lokaci har da tafiya wata ƙasa neman biza. Ma'aikacin da ke Tanut ko Madawa yana da ƙarin nauyin zirga-zirga zuwa Yamai. Haka kuma alawus galibi na mutum guda ne. Cimakar iyalin da aka bari a gida ba ta cikin lissafi. Wannan ya fi tsanani ga mata ma'aikata masu ƙananan yara, duk da cewa shirye-shiryen suna ƙarfafa ma mata gwiwa su nema.

4. Ƙofar farko: Ingilishi

Ma'aikacinmu ya yi karatunsa duka da Faransanci, amma mafi yawan mastocin da waɗannan shirye-shirye ke biya da Ingilishi ake koyar da su, har a Jamus da Holan da Japan. Hanyoyin Faransanci suna nan, irin na Beljiyam da Jami'ar Senghor ta Iskandariya wadda ta buɗe a 1990, sai dai ba su da yawa. Bugu da ƙari, dangantakar ƙasashe ta canza: ofishin jakadancin Faransa na Yamai ya rufe a Janairu 2024, Nijar kuma ta ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu aiki da Faransanci a Maris 2025. Wajibi ne mai nema ya duba jerin ƙasashen da kowane shiri ya amince da su a shekarar da yake nema.

Jami'o'i sukan nemi sakamakon jarrabawar TOEFL ko IELTS. A IELTS maki mafi girma 9 ne, ga mastar akan nemi 6 ko 6,5, kuma sakamakon ba ya wuce shekara 2 yana aiki. Jarrabawar tana auna saurare da karatu da rubutu da magana, kowane da makinsa.

Wani zai ce ai ɗalibinmu ya yi shekara 7 yana Ingilishi, huɗu a kwaleji, uku a lise. Wani kuma zai ce ɗan Maraɗi ko Ƙonni yana jin Ingilishi saboda hulɗa da Nijeriya. Amsar tana cikin bambancin da masanin ilimin harshe Jim Cummins ya fitar a 1979 tsakanin harshen hira da harshen karatu. Binciken da ya yi a kan yaran baƙi a Kanada ya nuna harshen hira yana samuwa cikin kamar shekara 2, amma harshen karatu yana ɗaukar shekara 5 zuwa 7. Babban mutum da ya riga ya ƙware a karatu da Faransanci zai fi yaro sauri, domin dubarun tsara tunani suna ƙetarawa daga harshe zuwa harshe, kuma kalmomin kimiyya na harsunan biyu da yawa tushensu ɗaya. Duk da haka Ingilishin aji na fassara da haddar nahawu ba ya koya ma kunne bin lacca ta awa guda, Ingilishin kasuwa kuma ba ya koya ma hannu rubuta muhawara. Wanda ya fara shiri ranar da sanarwa ta fito ya makara.

5. Wasiƙar bayyana manufa

Ko ga wanda ya ci jarrabawa, akwai sauran aiki a wasiƙar da mai nema ke bayyana dalilinsa. A nan matsalar ta salo ce, ba ta nahawu ba. Makaranta ta horar da mu a kan wasiƙar ofis mai doguwar gaisuwar ban girma, da rubutun da ke farawa da bayani na gaba ɗaya a kan matsalolin Afirka kafin a zo ga batu. Tarbiyyar gida kuma ta koya mana kunya, tun da an ce yabon kai jahilci. Sakamakon haka ma'aikacin da ya jagoranci gyaran rijiyoyi a gundumarsa sai ya rubuta cewa an yi aiki, ko mun ba da gudummawa, ya ɓoye hannunsa.

Masu zaɓe kuwa amsar tambaya uku suke nema: me ka yi da kanka, wace matsala ce ta gagare ka saboda ƙarancin sani, me za ka yi da ilimin in ka komo. Suna son sunan wuri da shekara da adadi. Faɗin abin da mutum ya yi, yadda ya auku, shaida ce, ba fahariya ba. Wannan bambanci abin koyarwa ne, kuma mu ya kamata mu koyar da shi.

6. Ƙofa ta biyu: harshen komowa

Dukan shirye-shiryen sun kafu a kan zaton cewa ilimin zai isa ga jama'a. Ba su tambayi da wane harshe ba. Ma'aikacin da ya yi tunani da Ingilishi, ya rubuta rahoto da Faransanci, zai tsaya gaban manoma da makiyaya da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek ko Barbarci, kuma ba a taɓa koya masa fanninsa da ɗaya daga cikinsu ba.

Mu ɗauki misalan Hausa. Kalmar yanayi tana ɗaukar halin sararin sama na yau, da lokacin shekara, da halin ƙasa na shekaru masu yawa; in an ce canjin yanayi ba tare da bayani ba, manomi yana iya jin shigowar damina. Kalmar jinsi tana nufin iri ko nau'i, ba ta ɗauke da ma'anar rabon aiki da iko tsakanin maza da mata da masana ke nufi. Juriya kuwa ta fi kusa da haƙuri da wahala, alhali abin da ake nufi shi ne ƙarfin farfaɗowa bayan fari.

A ɗaya gefen, ayyukan da suka yi nasara a ƙasarmu sun sami suna a bakin mutane. Renon kututturan itatuwa a gona, wanda ya yaɗu daga Maraɗi tun shekarun 1980, har masu bincike suka ƙiyasta ya kai kadada miliyan 5, manoma sun san shi da sassaben zamani: sunan ya jingina sabon abu ga aikin da kowa ya sani. Haka tassa da rabin wata a jihar Tawa, da asusun Mata Masu Dubara da aka fara a Maraɗi a 1991. Waɗannan sunaye ba su bukatar tafinta.

7. Kammalawa

Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Harsunan nan uku su ne daidai waɗanda ma'aikacin da muka yi magana a kansa ke bi ta cikinsu. Don haka muna gabatar ma abokan aiki shawara uku.

Ta farko, sassan harsuna na jami'o'inmu su buɗa darussan Ingilishi na karatu domin ma'aikata, da yamma ko lokacin hutu, na tsawon shekara guda aƙalla, a ba saurare da rubutu fifiko. Ta biyu, a shigar da rubuta wasiƙar manufa da tsarin bincike cikin darussan mastar, a kwatanta salon Faransanci da na Ingilishi a fili. Ta uku, duk wanda ya komo a haɗa shi da ɗalibin ilimin harshe, su taƙaita kundinsa da Hausa ko wani harshen ƙasa, su gwada kalmomin a gaban waɗanda aikin ya shafa da kuma a gidajen rediyon karkara, a ajiye waɗanda suka karɓu. Ta haka ɗalibanmu za su sami batutuwan bincike na gaske, sashenmu ya tara ƙamus na fannoni daga bakin masu aiki da shi, manomi kuma ya ji abin da aka tafi koyowa da sunansa.