Sai Kashi 75 Sun Yarda: Abubuwan Mamaki Kan Ƙa'idojin Wi-Fi da Kebur

An ƙera waya a Sin, an sauke ta a Legas, ta biyo mota zuwa Kano, ta ƙare a hannun ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke nan Sakkwato. Ya kunna Wi-Fi, nan take ta kama na'urar da wani kamfani daban ya ƙera a wata ƙasa daban, ba tafinta, ba gardama. Gardamar an riga an sha ta a wani zaure, shekara da shekaru, har aka yarda da ma'auni guda, kamar dai yadda ciniki ba ya faɗawa a kasuwar hatsi sai mai saye da mai sayarwa sun yarda da mudu ɗaya. Ga kaɗan daga abin da ke faruwa a wannan zaure.

Sunan zauren lamba ce kawai: 802. Kwamiti ne a ƙarƙashin IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki mai hedikwata a Amurka, ya kuma fara zama a Fabrairun 1980. Mutane da yawa sun ɗauka daga nan lambar ta fito, wato shekara ta 80, wata na 2. Dacewa ce kurum, ita ce lambar da ke kan layi a rajistar ayyukan ƙungiyar. Rukunin 802.3 shi ke da Ethernet, kebur ɗin nan da ake gani a bayan kwamfutocin banki da na cibiyoyin jarrabawar JAMB. Rukunin 802.11 shi ke da Wi-Fi. Lamba 13 kuwa tsallake ta aka yi, ba a taɓa kafa rukuni da ita ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ba a barin kowa ya soma rubuta ƙa'ida sai ya samu izinin somawa. Da farko a kafa ƙaramin kwamitin nazari. Shi zai rubuta 'yar gajeriyar takardar neman izini da suke kira PAR, mai bayyana abin da za a yi, da dalilinsa, da inda iyakarsa take. Tare da ita sai an amsa tambayoyi biyar. Akwai masu saye da yawa? Zai zauna lafiya da ƙa'idojin da suka riga shi? Yana da abin da ya bambanta shi, ko maimaici ne? Fasahar da ke hannu za ta iya? Kuɗinsa zai yiwu? Babban taro sau uku ake yin sa a shekara: Maris, Yuli da Nuwamba. Kwana 30 kafin taron ake raba takardar ga sauran rukunoni. Ranar Talata su kawo sukarsu, Laraba masu takarda su kare kansu, Juma'a shugabannin kwamitin su kaɗa ƙuri'a. Ko ta tsallake nan ma da saura, domin akwai wani kwamiti na sama mai tantance sababbin ayyuka. Izinin kuma na shekara huɗu ne, in aiki bai ƙare ba sai a koma a roƙi ƙari. Duk wannan fa kafin a rubuta layi ɗaya na ƙa'idar kanta.

Rinjaye da ƙuri'a ɗaya ba ya aiki a nan. Duk maganar da ta shafi fasaha sai kashi 75 cikin ɗari sun yarda. Wanda ya ƙi, ya kuma faɗi dalilinsa, dole a amsa masa a rubuce, sannan a nuna wa sauran masu ƙuri'a abin da ya ce ko akwai mai sauya ra'ayi. Ƙuri'ar kuma ta mutum ce, ba ta kamfani ba, ba ta ƙasa ba. Ba a tambayar fasfo. Wanda ya halarci biyu daga cikin manyan taruka huɗu na baya-bayan nan yana iya samun ikon ɗaga hannu. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu buƙace shi nan gaba.

Tun ranar farko ba a samu jituwa ba. Kamfanonin Xerox, Intel da DEC suna bayan Ethernet, IBM na da nasa tsarin, General Motors na goyon bayan wani na uku. Da abin ya gagara, sai kwamitin ya raba gari uku: 802.3, 802.4 da 802.5, kowa ya je ya gwada sa'arsa a kasuwa. Biyun sun mutu. Ethernet, wanda aka amince da ƙa'idarsa a 1983, yana nan daram.

Shi kansa kebur ɗin daga iska ya samo asali. Bob Metcalfe, wanda ya rubuta takardar farko kan Ethernet ranar 22 ga Mayun 1973, ya aro dabarar ce daga wata sadarwar rediyo da Jami'ar Hawai ta haɗa tsakanin tsibirai tun 1971: kowa ya aika saƙo idan ya samu sarari, in saƙo biyu suka yi karo sai kowa ya ɗan dakata ya sake.

Dokar kashi 75 tana iya kashe aiki murus. An taɓa kafa rukunin 802.15.3a domin sadarwa mai saurin gaske tsakanin na'urorin da ke ɗaki ɗaya. Shawarwari 23 aka kawo, aka tace su har saura biyu. Daga nan sai kowane ɓangare ya ƙi sauka, kuma babu mai iya haɗa kashi uku cikin huɗu. A Janairun 2006 suka haɗu a kan abu ɗaya tak, wato a janye takardar izinin, kowa ya kama gabansa. A shekarar dai, cikin watan Yuni, hukumar IEEE ta dakatar da rukunin 802.20 ɗungurum bisa zargin cewa an cika zauren da mutanen da ke yi wa ɓangare ɗaya aiki. Aka sauya shugabanni, ƙa'idar ta fito a 2008, amma kasuwa ta riga ta watse. Ni dai ina ganin wannan dakatarwa abin yabo ce: ƙungiyar da ke iya tsayar da aikinta don gudun maguɗi ta cancanci a yarda da abin da ta sa wa hannu.

Wi-Fi na farko ya fito a 1997 da gudun megabit 2 a daƙiƙa, bayan shekara bakwai ana zama a ƙarƙashin shugabancin Vic Hayes, injiniya ɗan ƙasar Holan. A 1999 aka amince da 802.11a da 802.11b tare, amma ƙanen ya riga wan shiga kasuwa. Na 802.11n kuwa ya sha jan ƙafa: izini a Satumban 2003, kammalawa a Satumban 2009. Kamfanoni suka gaji da jira, suka fara sayar da na'urorin da aka ƙera bisa daftari, har ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta soma ba su shaida tun 2007.

Kowane sabon aiki harafi ake ba shi, amma an ƙi amfani da l da o don kada a rikita su da 1 da 0. Da haruffa suka ƙare sai aka koma jera biyu-biyu. Abin da ake tallatawa a kwali da sunan Wi-Fi 6 shi ne 802.11ax, Wi-Fi 7 kuma 802.11be.

Zangon da Wi-Fi ya fara zama a kai, na gigahaz 2.4, juji ne da manya suka raina. A nan na'urar ɗumama abinci ta lantarki da wasu injinan asibiti da na masana'antu ke zubar da hayaniyarsu. A 1985 hukumar sadarwar Amurka ta ce kowa ya shiga ba lasisi, muddin zai jure hayaniyar. Har yau kuma ba ko'ina ake da tashoshi iri ɗaya a zangon ba: Amurka 11, yawancin duniya 13, Japan ta ƙara ta 14. Dalili shi ne IEEE ba ta da iko da iskar kowace ƙasa. A Nijeriya wannan iko na hukumar NCC ne, wadda aka kafa a 1992, kuma a doka sai ta tantance samfurin kowace na'urar sadarwa kafin a sayar da ita.

Uwar masu raba zango a duniya ita ce ITU, kuma ta girmi Majalisar Ɗinkin Duniya da shekara 80. Ƙasashe 20 suka kafa ta a Paris a 1865 domin daidaita aikin tangaraho, lokacin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku yana kan gado, shekara 38 kafin Turawa su shigo Sakkwato. Ɗan Afirka ta Yamma ya taɓa riƙe ta: Hamadoun Touré na Mali, daga 2007 zuwa 2014.

Sabis ɗin kira kuwa gidansa daban, ba na 802 ba ne. Ƙa'idar GSM daga Turai ta fito, bayan ƙasashe 13 sun sa hannu a Kofanhegan a 1987. Albarkacinta ne ɗan kasuwar Illela ke tsallakawa Ƙonni ya cire layin Nijeriya ya sa na Nijar a waya ɗaya. A gwanjon Janairun 2001 kowane lasisin GSM dala miliyan 285 ya ci, na 5G kuma a Disambar 2021 dala miliyan 273.6. Wi-Fi ko sisi ba a biya wa zangonsa. Mutanen jiharmu sun ga iyakar ƙa'ida a Satumban 2021, sa'ad da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda 'yan bindiga: wayoyi lafiya lau, amma ba mai jin wani.

Masu tsara ƙa'idojin intanet kuwa, wato IETF, ba sa kaɗa ƙuri'a. A tsohuwar al'adarsu, idan ana son jin ra'ayin zaure sai a ce masu goyon baya su yi gunji da baki a rufe, sannan masu adawa su yi nasu, shugaba ya saurari wanda ya fi ƙarfi. Masu kiwon tantabara kuma ga taku: a cikin takardun IETF akwai mai lamba 1149, ta ranar 1 ga Afrilun 1990, wadda aka rubuta don raha kan yadda za a aika saƙon intanet a ƙafar tantabara. A 2001 wasu a birnin Bergen na Norway suka gwada da gaske, suka aika saƙo tara, amsar huɗu ta dawo. A 2009 a Afirka ta Kudu wata tantabara mai suna Winston ta kai katin ajiya mai gigabait 4, aka sauke abin da ke ciki, duka a sa'a biyu da 'yan mintoci, alhali layin intanet bai wuce kashi 4 cikin ɗari na aikin ba.

Masu gyaran waya sun san lambar IMEI. Akwai wata kuma ta Wi-Fi da Ethernet mai alamomi 12, wadda shidan farko ke nuna kamfanin da ya ƙera na'urar. IEEE ce ke sayar wa kamfanoni waɗannan alamomi na farko, kuma jimillar lambobin da za a iya haɗawa ta haura tiriliyan 281.

Kebur ɗin Ethernet na jan ƙarfe iyakarsa mita 100. In ya wuce haka sai a sa na'ura a tsakani, ko a koma wa zaren gilashi mai ɗaukar haske. Tun 2003 kuma kebur ɗin yana iya ɗaukar wuta tare da saƙo: wat 15 da ɗoriya a farko, 30 a 2009, har 90 a 2018. Ga makaranta ko asibitin da ke dogaro da sola wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin batir ɗaya a ɗaki ɗaya zai ciyar da kyamarori da na'urorin Wi-Fi na ginin duka.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne 802.22. An kammala shi a 2011 musamman domin karkara. Yana amfani da tashoshin talabijin da ba kowa a kansu, kuma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu hasumiya ɗaya na iya kaiwa nisan kilomita 30, har zuwa 100 idan yanayi ya ba da dama. Daga Sakkwato zuwa Illela ma bai kai kilomita 100 ba. An ba shi izini, ya tsallake duk ƙuri'u, amma manyan masu ƙera na'ura ba su rungume shi ba, domin inda kuɗi yake an riga an ja kebur. Mu da muke da ƙauyuka masu nisa da juna, da ƙarancin wuta, da aljihu marar nauyi, mu ne kasuwar da tambaya ta farko cikin biyar ɗin nan take nema. Sai dai buƙata ba ta shiga takardar izini sai wani ya tashi a zaure ya faɗe ta, ya kawo alƙaluma, ya dawo taro na gaba ya sake faɗa. Ana cewa faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, to wannan da ruwanmu a ciki tsundum.

Ƙofar kuma ba a kulle take ba. Ƙa'idojin 802 kyauta ake sauke su daga shafin IEEE wata shida bayan an buga su, kuma tun 2020 ana iya halartar tarukan ta intanet. Cikas ɗin shi ne kuɗin rajista, wanda ke kai ɗaruruwan daloli a kowane zama, nauyin da albashin malami ba zai ɗauka ba. Don haka ina kira ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, su sa karatun waɗannan takardu cikin darasin ɗalibansu. NCC da gwamnatin jiha kuma su ɗauki nauyin injiniya ko da biyu ne daga wannan yanki, su riƙa zama a tarukan Maris, Yuli da Nuwamba ba fashi, har su samu ikon kaɗa ƙuri'a.