Kujerar Yaro Ta Cikin Mota: Shekara Nawa Ta Ke Yi?

 

Duk wanda ya saba zuwa ɗakin magani ya ga yadda malamin asibiti ya kan juya kwalba ya duba jikinta kafin ya ba da magani. Kwanan wata ya ke nema. In ranar da aka rubuta ta wuce, sai ya ajiye kwalbar gefe ɗaya, ko da a cike ta ke. To, yau za mu yi magana a kan wani abu da shi ma ya ke da ranar ƙarewa, amma mutane kaɗan ne suka sani. Watau kujerar nan da a ke ɗaure ƙananan yara a kanta cikin mota.

Wani zai ce, "Ni da ba ni da ko keke, ina ruwana da kujerar mota?" Kada ka yi sauri, malam. Watakila ɗanka direba ne, ko 'yarka tana aure a birni, jikokinka kullum suna kan hanya. In ka ji wannan jawabi, sai ka kai musu.

AMFANIN KUJERAR

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara. Ta ce kuma ba abin da ya ke kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 kamarsa.

Mota mai gudun kilomita 50 a sa'a, in ta yi karo ta tsaya nan take, abin da ya ke samun na ciki daidai ne da faɗowa daga bisa mita 10, kamar daga kan bene mai hawa uku. A wannan ƙiftawar ido nauyin yaro ya kan ninku sau 20 ko fiye. Yaro mai kilo 10 sai ya zama kamar buhu biyu na masara. Ina uwar da za ta iya riƙe buhu biyu da hannu? Komi son da ta ke yi wa ɗanta, zai fizge daga hannunta.

Bel ɗin mota kuwa don manya aka yi shi. A jikin ƙaramin yaro wuya da ciki ya ke bi, nan ne kuma ya ke yin ɓarna. Shi ya sa aka yi wa yara kujera tasu. A 1964 wani likita a Suwidin, mai suna Bertil Aldman, ya ƙago kujerar da yaro ya ke zama yana duban bayan mota, don bayan kujerar ya tallafi kansa da wuyansa. A 1978 jihar Tennessee ta Amurka ta fara tilasta wa iyaye ɗaure yara, kafin 1985 ta ƙare duk jihohin ƙasar sun bi sahu. Hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka ta lissafa cewa kujerar tana rage mutuwar jarirai a ƙananan motoci da kashi 71 cikin 100, na 'yan shekara 1 zuwa 4 kuwa da kashi 54.

Amma fa wannan duka sai kujerar tana da lafiya.

SHEKARA 6 ZUWA 10

Yawancin kamfanonin da su ke ƙera kujerun nan suna ba su tsakanin shekara 6 da shekara 10. Kowane kamfani da nasa lissafi. Misali, kamfanin Graco na Amurka yana ba wadda mashigin bel ɗinta na roba ne shekara 7, wadda aka ƙarfafa da ƙarfe kuwa shekara 10.

Ga inda mutane da yawa su ke kuskure. Galibi ba daga ranar da ka saya a ke fara ƙidaya ba, daga ranar da aka ƙera ta ne. A ce an ƙera kujera a watan Maris na 2019, kamfani ya ba ta shekara 6. Ranarta ta cika ke nan a Maris na 2025. In ka saye ta a 2023, ka ga shekara 2 kawai ta rage maka, ko da sabuwa ce ful a cikin kwalinta.

YADDA ZA KA GA RANAR

Ka ciro kujerar daga mota, ka kifa ta. Duba ƙarƙashinta da bayanta da gefenta, ka ɗaga ƙyallen in ya rufe wurin. Za ka ga farar takarda manne, da sunan kamfani, da lambar kujerar, da ranar da aka ƙera ta. A wasu an rubuta da Turanci, "Do not use after", watau kada a yi amfani da ita bayan rana kaza. Wasu kuwa ba a takarda ba ne, a jikin robar aka buga rubutun, sai ka shafa da yatsa ko ka haska da tocila za ka gane shi. Akwai kuma masu ɗan zagaye kamar fuskar agogo: shekarar tana tsakiya, kibiya kuma tana nuna watan.

In ranar ƙerawa kaɗai ka gani, sai ka duba ɗan littafin da ya zo tare da kujerar, a nan a ke faɗin shekarun da za ta yi. Ka lura kuma, mutanen Amurka wata su ke fara rubutawa kafin rana. In karatun ya shige maka duhu, ka kai wa malamin asibiti ko malamin makaranta ya karanta maka. Matambayi ba ya ɓata.

ME YA SA TA KE ƘAREWA?

Na farko, rana. Jikin kujerar roba ne. Kowace mace ta san abin da ya ke samun bokitin roba in ya daɗe a tsakar gida: launinsa ya koɗe, ya bushe, ran nan a ɗauko shi cike da ruwa ya tsage. A watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri ya kan wuce digiri 40, cikin motar da aka rufe aka bari a rana kuwa ya kan kai 60 ko ya fi. Da hunturu kuma dare ya yi sanyi. Yau zafi, gobe sanyi, shekara da shekaru, roba ba ta zama yadda ta ke. Tsagar farko kuwa siririya ce, ido bai cika ganinta ba.

Na biyu, igiyoyin da a ke ɗaure yaro da su. Kullum ana ja, ana sassautawa. Gumi da fitsari da nono da kunu duk suna zuba a kansu. Zaren ya kan ci, makullin da su ke haɗuwa a ciki kuma ya cika da ƙura da ɓarɓashin abinci, har ya daina kamawa sosai.

Na uku, kayanta su kan ɓace. Soson da ke wajen kan yaro ya karye, wani ɗan ƙarfe ya faɗi, littafin ya salwanta. Kamfani kuwa ya daina yin irinta, ba inda za a sami madadi.

Na huɗu, sani yana ƙaruwa. A Turai an fito da sabuwar ƙa'idar gwajin kujeru a 2013, wadda ta sa lalle a gwada su da karo ta gefe. Daga Satumba na 2024 kuma aka hana sayar da sababbin kujeru masu bin tsohuwar ƙa'ida a ƙasashen Tarayyar Turai.

Ba wai ranar na cika, washegari kujerar za ta ruguje ba. Ranar iyaka ce da maƙerinta ya ja, ya ce daga nan bai ɗauki alkawari ba. Kai kuwa ba ka da hanyar gwada ta a gida. Ranar haɗari ce kaɗai za ta gwada ta, wannan rana kuwa ba ta gyara ba ce.

WADDA TA YI HAƊARI

Kujera tana iya mutuwa tun ranarta ba ta zo ba. In mota ta yi haɗari mai ƙarfi, kujerar da ke ciki ta gama aiki, ko da ba yaro a kanta a lokacin. Hukumar nan ta Amurka ta ce ba a ci gaba da amfani da ita sai an cika sharuɗa biyar gaba ɗaya: motar ta bar wurin da kanta ba a ja ta ba, ƙofar da ke kusa da kujerar ba ta lotsa ba, ba wanda ya ji rauni, jakar iska ba ta fashe ba, ba a ga wani lahani a jikin kujerar ba. Wasu kamfanoni ma sun ce komi ƙanƙantar haɗarin a sake wata.

HATTARA DA GWANJO

Kujeru da yawa da a ke gani a kasuwanninmu gwanjo ne, daga Turai da Amurka a ke kawo su. Mai sayarwa ya wanke, ya goge, tana ƙyalli. Amma shi kansa bai san hannu nawa ta bi ba, bai san ko daga cikin motar da ta yi karo aka ciro ta ba. Araha ba ta ado. In ba ka da halin sabuwa, gara ka karɓa daga wurin ɗan'uwa ko aboki wanda ya saye ta da kansa, ya kuma san duk abin da ya same ta. Kafin ka ba da kuɗinka, ka tabbata da waɗannan:

1. Takardar kwanan wata tana nan, ranar kuma ba ta wuce ba. In an ɓamɓare ta, ka bar musu kayansu.
2. Ba tsaga a jikin robar, ba inda ta yi fari don lanƙwasawa.
3. Igiyoyin ba su zare ba, ba ɗinkin tela a jikinsu.
4. Makullin yana cewa ƙas in an tura, ba ya kuma buɗewa in an ja.
5. Ta dace da nauyin yaronka da tsawonsa, kamar yadda aka rubuta a jikinta.

YADDA ZA TA KAI RANARTA LAFIYA

Ku ajiye mota a inuwa in da hali. In babu, ku rufa wa kujerar farin zane, wannan zai kuma hana ƙarfenta ƙona yaro. Igiyoyin, a goge su da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu. Kada a jiƙa su cikin bilic, kada a yi musu guga. In wani abu ya karye, kada a kai wa mai walda ko mai liƙin roba. Kujerar da aka yi wa faci ba ta da tabbas.

A ɗaure kujerar a bayan mota tam, har in an girgiza ta a wajen bel ba za ta motsa fiye da inci ɗaya ba. Jariri ya dubi baya, ya kuma ci gaba da haka har ya kai iyakar nauyi ko tsawon da aka rubuta. Kada a kuskura a sa kujera mai duban baya a gaba, inda jakar iska ta ke. Duk yaron da bai wuce shekara 12 ba, baya ne wurin zamansa.

IN RANARTA TA CIKA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran wata shida ka fara tanadin wata, don kada yaro ya koma kan cinya. In ka sami sabuwa, kada ka sayar da tsohuwar, kada kuma ka ba maƙwabci kyauta. Ka sa almakashi ka yanke igiyoyin, ka cire ƙyallen, ka rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe cewa ta lalace, sa'an nan ka ba masu sayen tsohuwar roba. In ka yar da ita yadda ta ke, wani zai tsinta ya kai kasuwa, ɗan wani kuma ya zauna a kai.

To, jama'a, abin da mu ke roƙonku kaɗan ne. Duk mai kujerar yaro a motarsa, yau kafin ya kwanta ya ciro ta, ya kifa ta, ya karanta ranar. Wanda ba shi da ita kuma ya gaya wa mai ita. In kunne ya ji, jiki ya tsira.