KITSEN DA KE LULLUƁE DA JIJIYOYIN JINI: MAI GADI NE KO MAƘIYI?

Hausawa kan ce an yi wa rogo kallon kitse. To, a fannin likita kitsen ne aka daɗe ana yi wa kallon rogo. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya ga yadda kitse ke lulluɓe da babbar jijiyar jini da ke bin ƙashin baya. Haka abin yake a jikin ɗan Adam, kusan kowace jijiya tana da nata bargon kitse, ban da na cikin ƙwaƙwalwa. Shekara da shekaru masana sun ɗauka matashi ne kurum, har sukan kankare shi su yar kafin su fara gwaji.

A shekarar 1991 ne waɗansu masana biyu a Amurka, Soltis da Cassis, suka gwada jijiyar ɓera ba tare da sun cire kitsen ba, sai suka ga ba ta tsukewa da ƙarfi kamar wadda aka kankare. A 2002 kuwa masu bincike a Balin ta ƙasar Jamus suka nuna cewa kitsen yana fitar da wani sinadari mai sa jijiya ta saki. Watau dai kitsen nan gaɓa ce mai aiki, tana taimakawa jini ya wuce cikin sauƙi.

To, mene ne ke faruwa in shekaru sun ja? Jijiyar yaro kamar sabuwar roba take, tana buɗewa duk sa'ad da zuciya ta buga, sa'an nan ta koma. Ta tsoho kuwa takan ƙage, sai zuciya ta riƙa turo jini da wahala, daga nan hawan jini ya samu ƙofa, a bayansa kuma ga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2014 aka ɗebi kitsen jijiyar tsofaffin ɓeraye a Amurka aka dasa wa ƙanana, ba a jima ba jijiyoyin ƙananan suka ƙage. Ashe tsohon kitse da kansa yana iya tsofar da jijiya, domin ya rage fitar da abin da ke sassauta ta, ya koma fitar da masu jawo kumburi.

Ƙiba ma takan yi irin wannan ɓarna tun mutum bai tsufa ba. A 2009 likitoci a Mancesta ta Ingila suka gano cewa kitsen ƙananan jijiyoyin masu ƙiba ya daina aikinsa na sassautawa. Amma ga abin farin ciki: a 2013 suka ba da labarin cewa wata shida bayan an yi wa irin waɗannan mutane aikin rage ƙiba, kitsen ya koma bakin aikinsa.

Wannan ilmi ya riga ya shiga asibiti. Wani likitan fiɗa a Suwidin, Domingos Souza, ya fito da dabarar ciro jijiyar ƙafa tare da kitsenta in za a yi wa zuciya sabuwar hanyar jini, aka kuma ga ta fi daɗewa ba ta toshe ba. A 2017 masana a Jami'ar Oksfod suka nuna cewa hoton CT na kitsen da ke kewaye da jijiyoyin zuciya yana tona asirin kumburin da ke ɓoye a cikinsu.

Jama'a, maganar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019. A wurinmu kuwa har yanzu akwai masu ganin teɓa alamar wadata ce. Hukumar tana ba da shawara babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, gishirin da zai ci a yini kada ya kai giram 5, ya kuma guji taba. Wanda ya fara manyanta ya riƙa zuwa ana auna masa jini ko da ba ya jin ciwon kome, gama hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Tsufa ba shi da magani, amma ba dole ba ne jijiyoyin mutum su riga shi tsufa.