Ƙafa ta gaza, hannu ya karɓi tuƙi

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ta ratsa Birnin Ƙonni da Malbaza da Galmi. Dare da rana motoci na bin ta, ɗauke da albasar Galmi, da simintin Malbaza, da kayan ƴan kasuwa masu ƙetarawa Najeriya. Daga Alela har zuwa Illela, gidaje da dama tuƙi ne ke ciyar da su. To, in haɗari ya auku direba ya karye a baya, ƙafafunsa suka mutu, shi ke nan sana'arsa ta mutu tare da su?

A cikin ƙashin baya akwai laka, ita ce ke kai saƙon ƙwaƙwalwa ga gaɓoɓi. In ta yanke ko ta murƙushe, duk abin da ke ƙasa da wurin raunin sai ya daina motsi, ya daina ji. Wanda ya ji rauni a ƙugu ko a tsakiyar baya yakan rasa ƙafafu, hannuwansa kuwa suna nan da ƙarfinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2013 cewa mutum 250.000 zuwa 500.000 ke samun irin wannan rauni kowace shekara a duniya, akasari ta haɗarin hanya da faɗuwa da tashin hankali.

Tuƙi da hannu kaɗai daɗaɗɗen abu ne. Shugaban Amurka Roosevelt, wanda ƙafafunsa suka shanye a 1921, ya riƙa tuƙa wata mota Ford ta 1936 da aka gyara masa. Bayan yaƙin duniya ya ƙare a 1945, kamfanonin motoci na Amurka suka yi wa sojojin da suka komo da naƙasa irin wannan gyara.

Yau akwai kayan iri biyu: wanda makaniki ke kafawa a mota ya zauna dindindin, da wanda ake ɗaurawa a kwance. Na biyun nan sanduna biyu ne na ƙarfe marar nauyi, ɗaya a maƙale ta a birki, ɗaya a totur, kawunansu su haɗu a mariƙi guda kusa da sitiyari. Direba ya tura mariƙin gaba, mota ta tsaya. Ya jawo shi, ko ya danna da babban yatsa, ta ƙara gudu. Ɗaya hannun na kan sitiyari, inda akan ɗaura wani ɗan dunƙule domin juyi ya yi sauƙi. Ba a huda mota, ba a yanke kome, cikin ƴan mintoci an gama. Saboda haka mutumin da ba shi da motar kansa yana iya zuwa da kayansa cikin jaka ya tuƙa ta aro ko ta haya.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma wasa da su wasa da rai ne. Na fari, kayan ba su aiki sai a mota mai canja giya da kanta, wadda direbobi ke kira otomatik, domin hannu ɗaya ba zai riƙe birki da totur da kuloci gaba ɗaya ba. Na biyu, abin da aka ɗaura da noti yana iya saki, balle a hanyar karkara mai gargada; wajibi ne a gwada birki kafin kowace tafiya. Mai tuƙi kullum, na dindindin ya fi masa aminci. Na uku, wanda rauninsa ya kai wuya har yatsunsa suka raunana, wannan iri bai dace da shi ba. Na huɗu, sai likita ya duba mutum, ya koyi sabon tuƙin a fili inda babu jama'a, ya kuma daidaita parminsa wurin hukuma kafin ya hau titi.

Akwai kuma kula da jiki. Ƙafar da ba ta ji, ƙarfe mai zafi na iya ƙona ta mai ita bai sani ba. Dogon zama wuri guda yana kawo gyambo a mazauni, don haka a sa matashi mai taushi, a riƙa tsayawa ana ɗaga jiki.

Ta wajen doka, ƙasarmu ta yi tanadi. Dokar 2 ga Maris 1993 ta shimfiɗa ƙa'idodin kare naƙasassu, a 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, a Disamba 2019 kuma aka yi sabuwar doka kan shigar da su cikin harkokin jama'a. Abin da ya rage shi ne aiki. Masu walda da suka iya ƙera keken guragu mai ƙafa uku, in aka horar da su aka kuma riƙa duba aikinsu, ba za su kasa gyaran waɗannan sanduna ba. Ya kamata makarantun tuƙi su tanadi mota guda domin wannan koyo, magabata kuma su sauƙaƙa shigowa da kayan.

Daga ƙarshe, ƴan uwa masu karatu, rigakafi ya fi magani. Wani lokaci laka ba ta yankewa wurin haɗarin, sai wajen ɗaukar mutum. In kun iske wanda ya faɗi yana kukan baya ko wuya, kada ku zaunar da shi, kada ku lanƙwasa shi cikin mota ko bisa babur. Ku kwantar da shi a miƙe bisa faffaɗan katako, mutum guda ya riƙe kansa kada ya motsa, a kai shi likita mafi kusa, ko ta Ƙonni ko ta Galmi, wadda ke aiki tun 1950. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba.