Tabon Ruwa a Jikin Fim: Gargaɗi ga Masu Wankin Hoto a Gida

Duk wanda ya ɗauki wankin hoto baƙi da fari sana'a ko sha'awa a jihar Tawa, tun daga Tabotaki har Buza, Keita da Madawa, lalle ya san takaicin da kan sami mutum sa'ad da ya auna magani daidai, ya kiyaye lokaci, ya rataye fim ɗinsa yana murna, sa'an nan ya dawo ya tarar fararen ɗigo-ɗigo da zane-zane sun bi jikinsa. Galibi akan ɗora wa fim laifi, ko a ce magani ne ya tsufa, alhali kuwa illar tana cikin ruwan da aka yi ɗaurayar ƙarshe da shi.

Sababin haka shi ne ƙasar Adar ƙasa ce ta duwatsun farar ƙasa, irin waɗanda masana'antar siminti ta Malbaza ke haƙa, kuma ruwan da ya ratsa ta cikinsu kafin ya taru a rijiya yakan kwaso ma'adinai narkakku, wato kalsiyam da magniziyam, waɗanda ido ba ya ganinsu sai ruwan ya bushe ya bar su a baya. Su ne farin ɓawon nan da ke kama gindin butar shayi. Malaman fiƙihu sun hukunta cewa ruwan da ya jirkita saboda ƙasar da yake zaune a cikinta mai tsarki ne, alwala ta inganta da shi. Amma fim ba ya bin wannan rangwame, domin kowane ɗigon da ya bushe a kansa sai ya bar shaida, shaidar kuwa sai ta fito a kowace takardar da aka buga.

Wankin farko da ruwan rijiya ba laifi ba ne, muddin an tace shi, kuma sanyinsa ya yi kusa da digiri 20 kamar sauran magungunan. Kamfanin Ilford ya koyar da hanyar da ta dace da inda ruwa ke da tsada: a cika tankin wanki a juya shi sau 5 a zubar, a sake cikawa a juya sau 10, sa'an nan sau 20. Abin da ya zama wajibi shi ne ɗaurayar ƙarshe ta kasance da ruwan da ba shi da ma'adinai, irin wanda ake sayarwa don ƙara wa batirin mota, da sharaɗin a tabbata ba mai asid ba ne. Wanda bai samu ba, sai ya tafasa nasa, ya bar shi ya huce ya kwanta, ya tsiyaye na sama. Wannan yana rage illar, ko da yake ba ya kawar da ita baki ɗaya. A cikin ruwan ake zuba maganin da ke sa ruwa ya zame daga jikin fim, Photo-Flo na Kodak ko Ilfotol na Ilford, kashi 1 cikin kashi 200 na ruwa, fim ya yi kamar minti ɗaya a ciki. A nan mutane da yawa ke ɓata aikinsu da zaton yawan magani shi ne alheri, alhali in ya wuce kima shi kansa tabo mai maiƙo yake bari.

Sauran aiki na shanya ne. A lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko'ina, a yayyafa ruwa a daɓen ɗaki tukuna, a rufe ƙofa da taga, a rataye fim da ɗan nauyi a ƙasansa, kada a kunna fanka, kada a kai shi rana. Share shi da roba ko yatsu makaruhi ne a ganina, gama ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce shi daga sama har ƙasa.

In kuwa tabon ya riga ya auku, a duba gefen da yake. Na gefe mai ƙyalli yakan fita in an huro masa numfashi aka goge a hankali da tsabtataccen ƙyalle mai laushi. Na gefe maras ƙyalli, inda hoton yake, ba a goge shi; sai a mai da fim cikin ruwa maras ma'adinai ya jiƙa, a sake ɗauraya da shanya. Amma ɗigon da ya faɗa wa fim yana tsakiyar bushewa yakan bar alamar da ba ta fita, saboda haka, jama'a, in kun rataye shi, kada kowa ya kusance shi sai ya bushe sarai.