Kafin Ka Sayi Tsohuwar Motar Ƙwalisa, Dubi Hanyar Garinku

Duk wanda ya san Kafanchan ya san gari ne da ƙarfe ya raya. Tun wajen 1927 da layin dogo ya rabu biyu a wurin, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos, garin ya cika da ma'aikatan reluwe da makanikai da maƙera. Da kuɗin Udoji ya faɗo a 1975, ma'aikata da malaman makaranta da yawa suka shiga sahun masu mota. A shekarar ce kuma aka buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, da ta Volkswagen a Ikko. Wasu daga cikin motocin wancan zamani har yanzu suna nan a bayan gidaje, an ɗora su bisa duwatsu, kaji na yin ƙwai a ciki, 'yan gwangwan kuma na ta zagaye suna taya su da kuɗin kilo.

To, yau ga shi sha'awar tsofaffin motoci ta fara motsawa a zukatan 'ya'ya da jikokin masu motocin nan. Wasu motar mahaifinsu suke son tayarwa. Wasu kuwa idonsu ya wuce nan, suna neman irin motocin da Turawa suka ƙera don gudu da ƙawa, watau gajerun nan masu ƙofa biyu da dogon hanci, waɗanda za mu kira motocin ƙwalisa. Abin ba na wasa ba ne, domin kuɗin da irin wannan mota ke ci kafin ta tsaya da ƙafarta yana iya lashe garatutin mutum ko cinikin cittarsa ta shekara guda. Wanda ya yi kuskuren zaɓe, ya sayi abin da zai riƙa sharewa kawai yana kallo.

Tambayoyi biyu ne ke gaban mai saye. Ta farko, ina injin yake, kuma waɗanne tayoyi yake juyawa? Ta biyu, wane irin bodi, mai rufin ƙarfe ko buɗaɗɗiya mai rufin tamfol?

Mu fara da abin da muka sani. Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ta fito a Faransa a 1968, kuma ba a daina harhaɗa ta a Kaduna ba sai 2006. Injinta yana gaba, giya na biye da shi, sa'an nan farfela ta miƙa ƙarfin zuwa tayoyin baya. Tayoyin gaba aikinsu karkata mota, na baya aikinsu tura ta, kowa da nasa. Wannan tsari shi ne na akasarin motocin ƙwalisa na da, irin su MGB ta Ingila, da Datsun 240Z ta Japan, da Ford Capri, da Mercedes SL. Amfaninsa a ƙasa irin tamu shi ne sauƙi. Idan mota ta faɗa rami da ƙafar gaba, abin da zai lalace bai shafi abin da ke tura ta ba, kuma babu garejin da za ka shiga tsakanin Kachia da Gwantu ka rasa wanda ya taɓa sauke farfela.

Ba a baki kaɗai aka tabbatar da ƙarfin wannan tsari ba. Akwai tseren motoci da ake kira Safari a Gabashin Afirka, wanda a wancan lokaci yakan kai kusan kilomita 5,000 cikin taɓo da ƙura da duwatsu. Datsun 240Z ta cinye shi a 1971 da 1973. A 1975 Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya cinye shi da Fijo 504 mai ƙofa huɗu, 'yar'uwar wadda muke hawa zuwa Zonkwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake cinye shi da 504 mai ƙofa biyu, ya bar Porsche 911 a matsayi na biyu, kuma a shekarar ya haɗa da tseren Bandama na ƙasar Kwaddibuwa. Mercedes mai ƙofa biyu ita ta ɗauki Bandama a 1979 da 1980. Dukkan waɗannan da suka yi nasara injinsu na gaba, turinsu na baya. Ko bayan da Audi ta fito da mai juya tayoyi huɗu a 1980, sai da aka kai 1987 kafin irinta ta ci Safari.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Motar da ke turi da baya, idan babu kaya a but, bayanta ba shi da nauyi. A kan jar ƙasa mai santsi bayan ruwan Agusta, irin ta hanyoyin ƙauyukan Kwoi, sai ka ga tayoyin baya suna ta juyawa a wuri ɗaya, ko kuwa gindin motar ya goce gefe. Tsofaffin direbobi sun san maganin abin, buhun yashi ko na masara a but.

Tsari na biyu shi ne na Volkswagen ɗin nan da ake kira kunkuru, wadda injinta ke can baya, bisa tayoyin da yake juyawa. Ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta. Saboda nauyin yana kan tayoyin turi, kunkuru takan fita daga taɓon da ya riƙe manyanta. Tana da 'yar'uwa ta ƙwalisa mai suna Karmann Ghia, wadda aka yi daga 1955 zuwa 1974, kyakkyawan bodi ne aka ɗora a kan ƙashin kunkuru. Ba ta da gudu, gaskiya, amma wanda ya same ta ya huta da neman kayan inji. Babbar wannan gida ita ce Porsche 911, kuma a nan ne ake bukatar hattara. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinta yana baya. Idan direba ya shiga kwana da gudu sa'an nan ya tsorata ya ɗaga ƙafa daga totur, bayan motar yakan nemi ya wuce gabanta. Wanda ya san gangaren Hawan Kibo, ko hanyar da ta sauko daga Filato zuwa Manchok, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na uku shi ne mai ja da tayoyin gaba, kamar Scirocco ta 1974 da Golf GTI ta 1976. A da makanikanmu suna ƙyamar irin wannan, amma tun da Golf ta zama motar haya a tashoshinmu, hannunsu ya faɗa. Tana riƙe hanya sosai in ana ruwa. Rauninta shi ne robar da ke rufe gaɓoɓin shaf ɗin gaba. Da zarar ta yage, yashi ya shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Mai juya tayoyi huɗu kuwa, ta wancan zamani, ba mu ga dalilin da mutumin Kafanchan zai ɗauko wa kansa ita ba, don kayanta ko a Turai nema ake yi.

Akwai abin da masu saye kan manta, shi ne girman inji da yadda yake shan mai. Misali mai kyau shi ne 504 mai ƙofa biyu. Da aka fito da ita a 1969 injinta mai silinda huɗu ne, dangin na Fijon da muka sani. A 1974 aka sa mata mai silinda shida, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗu suka ƙera, kuma shi ne ya ci tseren 1978. Kowane saurayi shi zai so. To, amma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, silinda shida ta zama baƙon da ba ya ƙoshi. Mai huɗun ma akwai magana, don ba kafireto gare shi ba, wani famfon fesa mai ne na kamfanin Kugelfischer, wanda saita shi sai gwani. Sai dai idan ya gagara, ana iya samun injin Fijo mai kafireto a Panteka ta Kaduna a ɗora, a ajiye na asalin a ɗaki, domin ranar sayarwa shi ne darajar motar. Game da giya, a ganinmu ta hannu ta fi. Tsohuwar mota ba ta rabuwa da mutuwar batir, mai giyar hannu kuwa yara huɗu sun isa su tura ta ta tashi. Mai canja giya da kanta sai dai a nemo wani batirin.

Yanzu sai maganar bodi, wadda a ra'ayinmu ta fi ta inji nauyi, ko da yake masu saye sun fi ɓata lokaci a ƙarƙashin bonet. Dalili kuwa shi ne inji ana sake shi, bodi ba a sakewa. Ita 504 mai ƙofa biyu, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta ya kuma ƙera jikinta, ba a Kaduna aka harhaɗa ta ba. An rage tsawon da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya da santimita 19, kuma ƙofarta da gilashinta da fitilunta duk dabam suke da na Fijon gida. Idan dutse ya tashi daga tayar tirela a hanyar Kachia ya fasa gilashin gaba, duk faɗin Panteka da wuya a sami madadinsa. Saboda haka motar da injinta ya mutu amma jikinta da gilasanta suna nan lafiya ta fi wadda ke tashi da bugu ɗaya alhali tsatsa ta cinye ƙasanta.

Buɗaɗɗiya tana da daɗin kallo, babu musu. Ranar bikin Afan a Kagoro, ran 1 ga Janairu, wanda ya shigo gari da ita rufi a naɗe ya gama da idon jama'a. Amma shekara ba rana ɗaya ba ce. Kudancin Kaduna wuri ne mai ruwa, damina takan kama tun Afrilu har Oktoba, kuma tsohon tamfol ba ya hana yoyo. Ruwan da ya shiga yakan kwanta ƙarƙashin kafet ya ci ƙarfen daɓen motar daga ciki. Da ruwa ya ɗauke sai ƙurar hunturu, bayanta kuma ranar Maris da ke ƙona robar gilashin baya har ta yi duhu ta tsage. Ga kuma ɓarawo, wanda reza kaɗai ta ishe shi. Bugu da ƙari, rufin ƙarfe yana cikin abin da ke ɗaure mota. Motar da ba ta da shi, ko da kamfani ya ƙara mata ƙarfe a ƙasa, takan murɗe a hanya mai gargada, har wata rana ƙofa ta ƙi rufuwa. Wannan ne ya sa muke jan kunnen masu kai Fijo ko kunkuru wurin mai walda a yanke rufin don a yi gayu.

Wanda ya nace sai buɗaɗɗiya, to, ya dubi Mercedes SL da aka yi daga 1971 zuwa 1989. Tana da rufi biyu, na tamfol da na ƙarfe wanda ake ɗorawa a cire, ko da yake sai mutum biyu ke iya ɗaga shi. Kuma lalle ya kasance yana da gareji mai rufi, ba inuwar mangwaro ba. Ya kuma tuna cewa buɗaɗɗun ba su da yawa tun asali. Na 504 wajen 8,000 kawai aka yi kafin a daina a 1983, don haka kuɗinsu ya fi, kayansu kuma sun fi wuya.

Sai a duba yawan kujeru. Datsun 240Z mutum biyu take ɗauka, ba ƙari. A ƙasar da ba ka isa ka wuce surukarka a hanyar coci ko ta kasuwa ba ka tsaya ba, 'yar kujerar baya ta Capri ko ta 504 tana da ranarta. A kuma durƙusa a dubi tsayin cikin motar daga ƙasa, domin tudun rage gudu da ake ginawa a kowane ƙauye ya fi rami cin salansa.

Akwai kuma doka. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, kuma ba a yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Motocin Ingila da yawa, irin su MGB, haka suke zuwa, juya sitiyarin kuwa idan ba gwani ne ya yi ba kasada ce da rai. Dokar kwastan ma ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, saboda haka wadda ta riga ta shigo tun da, da takardunta, ta fi kwanciyar hankali.

Ranar ganin mota, a tafi da bakanike da mai gyaran bodi, kuma a je da rana tsaka. A ɗaga kafet, a fitar da safaya a dubi ramin da take kwana, a bi ƙasan ƙofofi da ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne a wurin, cikon fila ne aka shafe da fenti. A gwada lambar da ke jikin motar da wadda ke takarda, harafi da harafi. Idan motar gado ce, a tabbata duk magada sun sa hannu kafin a ƙirga kuɗi.